Za a iya sirka dibelofa mai lamba 40 da ruwa ya koma 20?

Wata ƙanwarmu a sana'a, wadda ba ta daɗe da buɗe shagon gyaran gashi a Unguwar Dosa ba, ta aiko mini da wannan tambaya a kan dibelofa, wato sinadarin da ake kwaɓa rinin gashi da shi: "Anti, na shiga kasuwa na tarar kuɗin dibelofa mai lamba 20 da mai lamba 40 kusan ɗaya ne, sai na ɗauko babbar gorar 40, don inda na koyi aiki na sha ganin ana tsiyaya masa ruwa. Yanzu ga wata Hajiya za ta zo ranar Asabar in rufe mata furfura, kwalin rinin kuma 20 ya ce. In zuba ruwan leda? Nawa zan zuba? Kuma in na haɗa da yawa zan iya ajiyewa?"

Ƙanwata, kin kyauta da kika tambaya kafin Asabar ɗin, ba bayanta ba. Eh, ana sirkawa, kuma lissafin ba shi da wuya ko kaɗan: rabi dibelofa mai lamba 40, rabi ruwa, ya zama 20. Amma ba da ruwan leda ba, ba da ƙiyasin ido ba, kuma ba a ajiye shi. Sannan in da hali, ba ma da ruwa ya kamata ki sirka ba. Na yi karatun kimiyyar ɗakin gwaje-gwaje kafin in shiga wannan sana'a, kuma na ga gashin mata da yawa da ya lalace a kan wannan abu da ake ɗauka ƙarami, shi ya sa zan ɗan tsawaita.

Fara da sanin abin da ke cikin gorar. Dibelofa ba wani abu ba ne illa haidurojin ɗin nan da kika sani, wanda ake wanke ciwo da shi yana kumfa, sai dai an haɗa shi da abin da zai sa ya yi kauri kamar man shafawa, da wasu sinadarai masu hana shi saurin mutuwa. Cikakken sunansa haidurojin feroksayid, kuma wani masanin kimiyya ɗan Faransa, Louis Jacques Thénard, shi ya gano shi a 1818. Kusan ruwa ne, sai dai yana ɗauke da ƙarin oksijin da bai zauna daram ba, kullum neman hanyar fita yake. Wannan oksijin mai fita shi ne yake yi mana aiki. Lambar da kike gani a jikin gora, 10 ko 20 ko 30 ko 40 da "VOL" a gefenta, tana faɗa miki yawan iskar da zai saki ne: cokali ɗaya na mai lamba 20 zai fitar da iskar oksijin cikin cokali 20 in ya gama mutuwa. Wasu kamfanoni kuma da kashi cikin ɗari suke rubutawa. Lamba 10 ita ce kashi 3 cikin 100, lamba 20 kashi 6, lamba 30 kashi 9, lamba 40 kashi 12. Ki haddace waɗannan huɗun kamar lambar wayarki, domin za ki ci karo da gorar da ba a rubuta komai a jikinta ba sai "9%", kuma dole ki san 30 ce a hannunki. A ƙasashen Tarayyar Turai, kashi 12 shi ne iyakar abin da doka ta yarda a sa a kayan gashi. Wato gorar da kika sayo ita ce ƙarshen ƙarfin da dokar can ta yarda da shi.

Idan kika haɗa shi da rini, aiki biyu yake yi a lokaci guda. Amoniyar da ke cikin rinin, wadda warinta ke hawa kai, tana kumbura silin gashi ta ɗaga ɓawon da ke lulluɓe da shi. Sai haidurojin ya shiga ya farfasa launin da Allah Ya halicci gashin da shi, wato melanin, gashin ya yi haske. A daidai lokacin kuma yana haɗa ƙananan ƙwayoyin rinin, waɗanda suka shiga ba su da launi, su dunƙule su zama manya masu launi, har su kasa fitowa ta ƙofar da suka shiga. Shi ya sa irin wannan rini ba ya bin ruwan wanka. Amma akwai aiki na uku da ba mu sa shi ba: yana cin igiyoyin da ke riƙe da ƙarfin gashin kansa, kuma wanda ya ci ya ciwu ke nan, babu man da zai dawo da shi, sai dai sabon gashi ya tsiro. Duk yadda lamba ta ƙaru, wannan ɓarnar ƙaruwa take yi. Don haka ƙa'idata ita ce in ɗauki mafi ƙanƙantar lambar da za ta iya aikin.

A sana'a ana jera hasken gashi daga mataki na 1, baƙi wuluk, zuwa na 10, fari-fari irin na wasu Turawa. Gashinmu yawanci a 1 ko 2 yake. Lamba 10 ajiye launi take yi, da ƙyar take ɗaga mataki guda. Lamba 20 tana ɗaga ɗaya zuwa biyu, kuma ita ce ta furfura. Lamba 30 biyu zuwa uku, lamba 40 uku zuwa huɗu. Da kin shafa wa Hajiya rinin nan da 40 tsagwaronsa, furfurar ba za ta fi rufuwa ba. Baƙin gashin da ke tsakanin furfurar ne zai buɗe ya yi ja kamar tsatsa, musamman a tushe inda ɗumin fatar kai ke ƙara masa sauri, launin ya fito shara-shara, bayan wanki kaɗan ya koɗe, ga raɗaɗi a fata. Wannan ya fi shafar mu a nan, domin da yawa daga cikin iyayenmu ba sa son baƙi tsantsa saboda abin da suka ji daga malamai a kan rina furfura da baƙi, sai su zaɓi ruwan ƙasa mai duhu ko ja mai duhu. Baƙin rini yana ɓoye kuskure. Ruwan ƙasa kuwa tona asiri yake.

To, lissafi. Ki raba lambar da kike so da lambar da ke hannunki, abin da ya fito shi ne rabon dibelofa a cikin haɗin, sauran kuma ruwa. Kina son 20, kina da 40: 20 cikin 40 rabi ne, don haka awo ɗaya na dibelofa, awo ɗaya na ruwa. Kina son 30 daga 40: awo uku na dibelofa, ɗaya na ruwa. Kina son 10 daga 40: awo ɗaya na dibelofa, uku na ruwa. In 30 ce a hannunki, awo biyu da ruwa ɗaya sun ba ki 20, awo ɗaya da ruwa biyu sun ba ki 10. Lamba 20 rabi da rabi ta koma 10. Hanyar kuma gangara ce kawai, ba ta da hawa. Ba yadda za ki yi da 20 ta zama 30. Na sha jin masu cewa in an zuba 20 ninki biyu a kan rini ya zama 40. Bai zama ba. Shayi kofi biyu bai fi kofi ɗaya zaƙi ba in sukarinsu ɗaya ne. Abin da ya faru kawai shi ne an tsinka rinin, launin ya rage kama gashi.

Ga inda akasari ake faɗuwa, ki natsu a nan. Kowane rini yana da nasa ma'aunin haɗi da ke jikin kwali ko takardar ciki: wani 1:1, wani 1:1.5, wani 1:2. Lambar farko rini ce, ta biyu dibelofa. Wannan ma'auni daban, sirki daban. Sai kin gama sirka dibelofa a wani kofi, kin motsa ya haɗe, sannan ki auni abin da rinin ya nema daga cikin sirkakken. A ce rinin Hajiya giram 60 ne kuma kwali ya ce 1:1.5. Dibelofa mililita 90 yake nema, mai lamba 20. Daga gorarki ta 40 za ki ɗebi mililita 45, ki ƙara ruwa 45, ga 90. In 1:1 ya ce, 30 da 30. Abin da ba za ki yi ba shi ne ki zuba 90 na lamba 40 a kan rinin, sannan ki bi da ruwa 90 wai kina rage ƙarfi. Ƙarfin ya ragu kam, amma kin nutsar da rinin a ruwa, amoniyar ta yi rauni, furfura za ta fito tana ƙyalli ta ƙarƙashin launin kamar ba a taɓa ta ba.

Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A awon hatsi haka ne. A nan ido bai san komai ba, domin lamba 20 da 40 kamarsu ɗaya, farare ne, kaurinsu ɗaya, warinsu ɗaya. Ki sayi ƙaramin sikelin kicin mai nuna giram, irin na masu yin kek. Nauyin dibelofa ya yi kusa da na ruwa, don haka giram ɗaya ki ɗauke shi mililita ɗaya, ba zai cuce ki ba. In babu sikeli, babban sirinji na mililita 20 daga kemis, a cire allurar, ya wadatar. Murfin gora da cokalin miya ba ma'auni ba ne.

Yanzu ruwan. Na ce miki haidurojin neman dalilin sakin iskarsa yake yi. Babban dalilinsa shi ne ƙarfe: ɗan ƙanƙanin ƙarfe ko tagulla da ya narke a ruwa, wanda ido ba ya gani, ya isa ya tayar da shi. Ki duba bokitin da kuke tara ruwan rijiya ko na burtsatse a gida, ki ga jan da yake kwantawa a gindinsa bayan kwana biyu. Jar ƙasarmu ta Kaduna ƙarfe ne ya ba ta wannan launi. Ruwan famfo kuma ya biyo tsofaffin bututu. Ruwan leda an tace shi ne don sha, kuma ruwan sha yana da ma'adinai a ciki, kowane kamfani da irin nasa, ba ki da hanyar sanin me ke ciki. Tafasawa ba ta fitar da ƙarfe, sai ma ta ƙara tattara shi tunda ruwan ne yake ƙonewa ya bar shi. Ruwan sama ya biyo kwanon rufi mai tsatsa, ruwan da ke ɗiga daga na'urar sanyaya ɗaki kuma a jikin ƙarfe ya taru.

A farkon fara aikina na taɓa yin wannan kuskure, kuma har yau ina ganin kwanon a idona. Ranar jajibirin sallah ce, shago cike, lamba 20 ta ƙare, sai na ɗebi ruwa a jarkar da mai ruwa ya kawo na sirka 40. Ina motsawa na ga ƙananan ƙwayoyin kumfa suna tasowa ta gefen roba, na taɓa gindinta na ji ɗumi. Na ga alamar, na kuma san ma'anarta, amma saboda layin mutane na rufe ido na shafa. Baiwar Allah ta zauna minti 40 tana haƙuri, muka wanke, furfurar goshinta ta fito ruwan zuma maimakon ruwan ƙasa, domin ƙarfin ya tafi a iska tun a kwano. Ba ta yi mini faɗa ba, ta ɗaura ɗankwalinta ta ce Allah Ya sa albarka. Wannan shirun ya fi faɗa zafi a wurina, kuma tun ranar ban sake barin ruwan da ban san asalinsa ba ya shiga kwanon rini.

Ruwan da ya dace shi ne wanda aka tafasa aka tara tururinsa ya koma ruwa, ya bar duk wani ma'adini a tukunya. Shi ake rubuta wa "distilled water". Ana samunsa a manyan shagunan magani da wurin masu sayar da kayan ɗakin gwaji. Ga aiki ƙarami kuma, ruwan allura da ke kemis, ɗan ƙaramin nan na mililita 5 ko 10 da ake narka garin allura da shi, tsarkakakke ne kuma zai yi. Ki duba rubutun da kyau kada a ba ki ruwan gishiri a madadinsa. Kuma ina roƙonki, kada ki je wurin masu cajin batir ki ce a ba ki ruwan batir. Gaskiya ne ana ƙara wa batir irin wannan ruwa, amma a wuri ɗaya ake ajiye shi da ruwan asid, a jarkoki marasa suna, kuma dukansu garau suke kamar ruwan sha.

Ko da kin sami ruwa mai kyau, akwai saura. Dibelofa mai kauri an yi shi da kaurin ne don ya riƙe rini a inda kika ajiye shi. In kika raba shi biyu da ruwa sai ya tsinke, ya riƙa bin wuya da bayan kunne, ya gangaro goshi ya nufi ido, ya bar tushen gashin da kike son ya jiƙa. Rabi da rabi ana iya lallaɓawa. Awo ɗaya da ruwa uku kuwa ya zama kamar koko marar kauri, burushi ba ya ɗaukarsa. Shi ya sa na fi son ki sirka mai ƙarfi da marar ƙarfi ɗan'uwansa, na kamfani ɗaya. Kaurin bai canja ba, sinadaran da ke tsare shi ba su ragu ba, kuma babu maganar neman ruwa. Lamba 40 da 20 rabi da rabi sun ba da 30. Lamba 30 da 10 rabi da rabi sun ba da 20. Lamba 20 da 10 sun ba da 15. Ke da kike da babbar gorar 40, ki koma ki sayo gorar 10. Awo ɗaya na 40 da awo biyu na 10 sun ba ki 20 cif. Awo biyu na 40 da ɗaya na 10 sun ba ki 30. Ga Hajiya, a wancan misali na mililita 90, sai ki ɗebi 30 daga gorar 40, 60 daga gorar 10. In kina son tabbatarwa: 30 sau 40 ya ba da 1200, 60 sau 10 ya ba da 600, jimla 1800, a raba da 90, ga 20. Da gora biyun nan kin mallaki lambobi huɗu, kuɗinki bai tafi a banza ba. Wannan ita ce shawarar da zan ba ƙanwata uwa ɗaya uba ɗaya.

Batun ajiya, a'a. Masu yin dibelofa suna barinsa da ɗan tsami, domin a cikin tsami haidurojin yake kwanciya. Da kin zuba ruwa kin rage tsamin da masu tsaron, ya fara sakin iska a hankali. Abin da kika haɗa yau a matsayin 20, bayan mako biyu ba ki san ko nawa ba ne. Ki haɗa na kai ɗaya, ki yi aiki da shi nan take, ki zubar da saura. Kada ki mayar da ragowa cikin gorar asali, za ki lalata ta duka. Wanda kuma ya riga ya haɗu da rini ko hodar bilicin, wato hodar da ke cire launin gashi, kada ki kuskura ki rufe shi a kwalba, iska za ta taru ta fasa ta. Kwano da abin motsawa su zama na roba ko tangaran, ba silba ba, ba cokalin ƙarfe ba, har abin kama gashi ma na roba.

Sai wani abu da lissafi ba ya gani: duk awon nan ya dogara ne a kan cewa 40 ɗin da ke gorarki 40 ce da gaske. Zafi da hasken rana suna kashe haidurojin, kuma duk ƙarin zafi na digiri 10 yana kusan ninka saurin mutuwarsa. Ki tuna yadda garin nan yake a watan Maris da Afrilu, da yadda shago mai rufin kwano yake komawa da rana tsaka. Gorar da ta yi watanni a kan teburin mai kaya a bakin titi, rana tana dukanta, ba lallai ta kai lambar da ke jikinta ba. In za ki saya, ko a Kasuwar Sheikh Gumi ko a wani wuri, ki nemi wadda ke cikin inuwa, mai hatimi a baki, mai ranar ƙarewa da lambar NAFDAC. Gorar da cikinta ya kumbura, ko ta yi huci da kika buɗe, ta riga ta zubar da wani abu daga ƙarfinta. Wanda ake ɗurawa a ƙananan robobi marasa suna ana sayarwa da rahusa kuwa ki bar musu, araha ba ta ado. A shago ki ajiye taki a ƙasan kabad, nesa da taga da na'urar busar da gashi, ki rubuta ranar da kika buɗe a jikinta. In kin ga hoton ƙaramin gwangwani buɗaɗɗe da "12M" a jiki, wata 12 ke nan bayan buɗewa, ni kuma a zafinmu ba na bari ta kai haka. Lokacin hunturu matsalar ta juya: iska tana busar da haɗin a kan gashi kafin lokaci ya cika, kuma busasshen rini ya daina aiki. Ki shafa wadatacce, ki kashe fanka a kan wadda ake yi wa gyaran.

Za ki haɗu da masu ce miki ki sayi haidurojin na masu haɗa sabulu da ruwan wanki, mai kashi 35 ko 50, ki sirka da kanki, wai lita ɗaya za ta yi miki shekara. Kashi 35 ya kai wajen lamba 130, kashi 50 ya doshi 200. Ɗigo ɗaya yana ƙona fata nan take, a ido kuma yana iya makantarwa, kuma lissafinsa ba irin wanda na koya miki ba ne domin ya fi ruwa nauyi. Ni da na yi aiki da shi a ɗakin gwaji, da gilashin kare ido da safar hannu, ba na shigo da shi shagon da yara ke shiga suna fita. Na kemis mai ruwan ƙasar kwalba kuma yawanci kashi 3 ne ko 6, wato lamba 10 ko 20, amma tsinkakke ne kamar ruwa kuma ba don rini aka tsara shi ba. Akwai kuma rinin gari irin su Bigen da ruwa kawai ake kwaɓa su, domin abin da zai tayar da su yana cikin garin. Irin waɗannan ba a sa musu dibelofa.

Kafin Asabar, ki kira Hajiya ki yi mata tambayoyi uku, kuma amsarsu ta fi duk lissafin nan muhimmanci. Yaushe rabonta da rilaksa? Man rilaksa ya riga ya karya wani sashe na igiyoyin ƙarfin gashi don ya miƙar da shi, haidurojin kuma ragowar yake ci. A bar aƙalla mako biyu tsakani, kada a wuce lamba 20, kuma irin wannan gashi ba na kai masa hodar bilicin ko an roƙe ni. Ta biyu, tana sa lalle a kai? Lallen gida da aka daka daga ganye ba ya faɗa da dibelofa, sai dai yana kama gashi sosai, jansa zai leƙo ta ƙarƙashin kowane launi. Abin tsoro shi ne lallen kwali da ba a faɗi abin da aka haɗa masa ba, domin wasu suna ɗauke da gishirin ƙarfe, kuma kin ji abin da ƙarfe ke yi wa haidurojin. A kwano kumfa ce da ɗumi, a kan mutum kuwa gashi ne zai yi zafi ya narke ya biyo mataji. Ta uku, ta taɓa yin baƙin lalle a hannu ko ƙafa ya yi mata ƙaiƙayi ko ƙuraje? Baƙin lallen da ake yi wa amare yawanci akwai sinadarin PPD a ciki, kuma shi ne dai ke cikin mafi yawan rinin gashi masu duhu. Jikin da ya taɓa ƙin sa ba ya mantawa, karo na biyu kuma ya fi na farko muni, har fuska ta kumbura ido ya rufe. Rage ƙarfin dibelofa ba ya rage wannan ko ƙwayar zarra, domin ba shi ne mai laifin ba. In ta ce eh, kada ki rina.

In ta ce a'a ma, ki roƙe ta ta biyo ta shago ranar Alhamis. Ki yi gwajin fata yadda takardar rinin ta tsara, ɗan kaɗan a bayan kunne ko cikin gwiwar hannu, a bar shi awa 48. A zaman nan kuma ki tsefe ɗan gashi daga ƙeya, inda ɗankwali ke rufewa, ko ki tattara wanda ya fita a mataji, ki shafa masa ainihin haɗin da za ki yi ranar Asabar, da sirkakken dibelofan, ki duba agogo. Ki taɓa shi bayan minti biyar ko ya yi ɗumi. In lokaci ya cika ki wanke, ki ja silin tsakanin yatsunki: lafiyayye zai ɗan miƙe ya dawo, wanda ya ci wuya zai miƙe kamar cingam ko ya tsinke. A nan ne kuma za ki ga ko gorarki tana da rai, domin gwajin da ake yi na ɗiga shi a kan yankakken dankali a ga kumfa yana nuna bai mutu ba ne kawai, ba ya faɗin lambarsa.

Ranar aikin ki ce kada ta wanke kai ko ta sosa shi tun daren jiya, maiƙon fata kariya ne. In akwai ƙurji ko ciwo, ko kitso ya ci gaban goshi ya yi ja, a ɗaga zuwa wani mako. Ki sa safar hannu, ki shafa basilin a gefen goshi da kunne ba tare da ya taɓa gashi ba, ki fara da inda furfura ta fi yawa, yawanci goshi da gefen kunnuwa, ki ba shi cikakken lokacin da kwali ya ce, ana ƙirgawa daga sanda kika gama shafawa. Ɗan tsikari ba komai, amma in ta ce yana ƙuna, ki wanke nan take, kada ki ce ta daure. Ki ajiye ruwa mai tsabta cikin buta kusa da kujera. In haɗin ya shiga ido, a yi ta kwarara ruwa ido buɗe na aƙalla minti 15, sannan a nufi asibiti da kwalin rinin da gorar a hannu. Cibiyar kula da ido ta ƙasa tana nan garin ta wajen Mando. In kuwa leɓe ko fuska suka fara kumbura, ko numfashi ya yi nauyi, a wanke kai a tafi sashen gaggawa na asibiti mafi kusa ba tare da jiran komai ba.